Zagayen Asibitocin Karkara a Arewacin Kano

Duk wanda ya bar birnin Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Mil Tara, har ya bar ƙurar manyan motocin kasuwar hatsi ta Dawanau a bayansa, to, ya shiga wata irin ƙasa wadda matafiya da masana suka daɗe suna ta'ajibinta, domin kuwa zai yi tafiya mai nisa bai ga abin da za a kira daji ba, sai gona jikin gona, da gida kusa da gida, da itatuwan ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaye a tsakiyar gonaki, kowanne da mai shi, an san wanda ya bar shi gado, an kuma san wanda zai gaje shi. Bajamushen nan Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta a 1851 ya yaba albarkarta. Bayan shekara ɗari da 'yan kai kuma wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya zauna ya auna gonakinta, ya nuna wa duniya cewa mutanen nan suna noma fili ɗaya kowace damina ba su bar shi ya huta ba, alhali kuwa ƙasar ba ta mutu ba. Ga ɗan ƙasa abin ba ɓoyayye ba ne, gama da rani ya kama za ka ga jakuna da mangaloli, yanzu har da amalanken shanu, suna jidar taki daga turken awaki da jujin birni, ana zubawa tsibi-tsibi a gonaki kafin ruwan shuka ya sauka.

Abin da ya fitar da ni zuwa wannan nahiya, bayan an girbe dawa, hunturu ya fara leƙowa, wata muhawara ce da ta haɗa ni da wani dattijo abokin mahaifina, tsohon malamin asibiti, wanda ya yi aiki a ɗakunan shan magani na ƙauyuka tun zamanin da ake dafa sirinji a tukunya, har ya ajiye aiki. Ina ba shi labarin ɓarnar da fitinar Boko Haram ta yi wa asibitocin Borno, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya a ƙarshen 2016 cewa cikin wuraren shan magani 743 na jihar, kimanin sulusi an rushe su baki ɗaya, wajen sulusi kuma sun lalace, da yadda ƙungiyoyin agaji suka shiga suna tayar da su, Red Cross ta kafa likitocin tiyata a babban asibitin jiha na Maiduguri, wasu kuma suka buɗe ɗakunan jinyar yara a unguwanni irin su Gwange. Dattijon ya saurare ni har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kana maganar asibitin da aka sa wa wuta. Akwai wanda yake mutuwa ba a taɓa ko ƙyaurensa ba, kuma ba sai ka je Borno za ka gan shi ba. Shirya mu tafi bakin iyakarmu da Katsina." Na ce, "To, Baba." A cikin watannin ƙarshe na 2025 kuwa 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina shekara da shekaru sun fara tsallakowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kore shanu suna ɗaukar mutane, abin da ƙasar Kano ta arewa ta daɗe tana jin labarinsa daga nesa.

A cikin mota Baba ya tuna mini wani abu da galibin masu ganin fararen motocin agaji ba su sani ba, watau cewa ƙungiyar MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Likitoci Na-gari Na-kowa, asalinta daga yaƙinmu ne na basasa, domin wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a ɓangaren Biyafara tsakanin 1968 da 1970, su ne suka koma gida suka haɗu da 'yan jarida suka kafa ta a 1971. Ashe dai baƙin nan ba yau suka san hanyar ƙasarmu ba. Muka tsaya a Bichi gwargwadon yin salla da shan fura, muka ga babban asibitin garin, wanda aka faɗaɗa bayan da aka mai da Bichi masarauta a 2019, da 'yan jinya zaune a inuwar darbejiya da tabarmi da kwanuka, kamar yadda ake gani a kowane babban asibiti na ƙasar Hausa. Ba mu daɗe ba, don abin da Baba yake so in gani yana gaba.

Bayan mun saki kwalta muka bi wata hanyar burji wadda ta ratsa gonakin da aka girbe, karan dawa jingine a jikin itatuwa, awaki da tumaki an sake su suna kalar harawa, har muka isa wani ƙauye wanda ba zan ambaci sunansa ba, saboda masu aiki a cikinsa suna da iyali kuma suna da shugabanni. Asibitin ɗaki huɗu ne da baranda, fentinsa sabo, da allo a ƙofa ɗauke da sunayen waɗanda suka ba da kuɗin gyara. Ranar ta dace da ranar awon yara, mata sun cika barandar har sun malala ƙarƙashin wata tsamiya, kowace da goyo, waɗansu da na biyu riƙe a hannu. Wata ma'aikaciyar lafiya, matashiya, sanye da farin hijabi, tana zaune a kan benci da wani ɗan siririn tef mai launi uku, kore da rawaya da ja, tana naɗa shi a damtsen kowane yaro tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In ya tsaya a kore ta sallami uwa da nasiha. In ya faɗa ja, watau kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, sai ta ware su gefe. Na ga ta kama ƙafar wata yarinya mai kimanin shekara biyu, ta danna bayan ƙafar da babban yatsa, ta ƙirga a zuci, ta ɗaga, gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba. Ta dubi uwar ta ce, "Inna, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Wannan sai gado, ba za mu iya da ita a nan ba." Uwar, wadda daga jin harshenta Bakatsiniya ce, ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba, illa ta kwance bakin zanenta ta duba abin da ke ɗaure a ciki, ta mai da ta ƙulle. Daga baya muka ji cewa da damina suka baro ƙauyensu da dare, suka bar gero a tsaye, suna zaune a zauren wani ɗan'uwan mijinta. A kusurwar ɗaki kuma akwai wani firji fari mai aiki da hasken rana, irin waɗanda aka rarraba da taimakon UNICEF da ƙawancen Gavi don ajiye alluran rigakafi, an manna masa takarda ana rubuta sanyinsa safe da yamma. Na lura shi ne kaɗai abin da ke samun lantarki a ginin duka.

Da rana ta take, mata suka ragu, Baba ya zauna da ma'aikaciyar yana tambayarta irin tambayar da sai wanda ya yi aikin ya san ta. Ya ce, "'Yata, wa ke kwana a nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da muna kwana. Yanzu la'asar sakaliya kowa ya kama hanya." A cikin wannan amsa na fahimci abin da dattijon yake nufi tun a birni. Fitina in ta kusanci gari, tun ba ta shigo ba, ma'aikacin da ba ɗan garin ba sai ya nemi canjin wurin aiki, kuma babu mai zarginsa, don a Zamfara da Katsina an sha ɗauke ma'aikatan lafiya a nemi fansa; mai babur da mai a-daidaita-sahu su daina fita bayan magariba, saboda haka matar da naƙuda ta zo mata da gardama a sulusin dare sai ta jira asuba, ko ta kai ko ba ta kai ba; manomi ya bar gonarsa ta nesa, rumbu ya ƙare tun kafin bazara; baƙi 'yan gudun hijira su ƙaru a kan rijiya ɗaya da asibiti ɗaya, alhali maganin da ake aikowa gwargwadon tsohuwar ƙidaya ne. Gini yana nan da fentinsa, wanda ya zo daga birni da na'urar ɗaukar hoto zai koma ya ba da rahoton cewa asibiti yana aiki, amma rabin yini ne da dukan dare babu kowa a ciki sai mai gadi.

Yaran da tef ya nuna ja amma ba su kumbura ba, kuma suna iya cin abinci, ana ba iyayensu waɗansu 'yan ledoji na wani abu mai kama da tunkuza mai zaƙi, wanda aka haɗa da gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, kowace leda giram 92, yaro ya tsotsa ba a dafa ba, ba a dama da ruwa ba, don haka ƙazantar ruwa ba ta shiga. Wani likita Bafaranshe, André Briend, da abokin aikinsa suka ƙago shi a 1996, amma inda duniya ta tabbatar da amfaninsa a ƙasar Hausa ne, a Maraɗi, lokacin yunwar 2005, sa'ad da MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a gaban iyayensu a gida, ba a kan gadon asibiti ba. Wannan hikima ce babba, domin kafin ta, dole uwa ta bar sauran 'ya'yanta da gonarta ta tare a asibiti wata guda. Amma fa duk Bakanon da ya ji tarihin dalar gyaɗa, yadda tun daga isowar jirgin ƙasa wajen 1912 gyaɗar waɗannan gonaki ce ta riƙa cika jiragen ruwa zuwa Turai, ba zai rasa jin wani abu a maƙogwaro ba in ya ga gyaɗa ta dawo masa a leda da sunan sadaka, ko da yake yanzu akwai masana'antar da ke yin ta a cikin Kano. Akwai kuma wani abin kunya wanda ba zan rufe ba: ana ganin ledojin nan a kan teburan masu kayan tireda a kasuwanni. Uwar da ta sayar da ɗaya don ta auno gero ga 'ya'ya biyar, ni dai ba ni da bakin yi mata hukunci. Amma wanda aka ba amanar sito ya fitar da kwali-kwali ya kai kasuwa, wannan ha'inci ne a cikin dukiyar marasa ƙarfi, kuma babu wani tawili da zai wanke shi.

Yarinyar nan mai kumburi, gadon da za ta samu kyauta yana da nisa, ko dai cikin Katsina, inda MSF take jinyar tamowa tun 2021, ko kuwa Unguwa Uku a cikin birnin Kano. A tsakiyar 2025 ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa a wata shida na farkon shekarar yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina kaɗai, galibi don an kawo su a makare. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, waɗansu ƙasashen Turai su ma suka rage abin da suke bayarwa, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi shelar cewa kuɗinta na ciyar da mutane a arewa maso gabas ya kusa ƙarewa. Watau hukuncin da aka yanke a wani ofis a Washington, tsakanin mutanen da ba su taɓa jin sunan Tsanyawa ba, yana iya isowa barandar nan ya rage yawan ledojin da za a ƙirga wa uwa. Baba ya cire kuɗin mota daga aljihunsa ya ba uwar yarinyar, ma'aikaciyar ta rubuta mata takarda.

Muka kwana a gidan limamin wani gari da ke kusa, tsohon abokin Baba, malami mai karatun zaure, wanda ya sauke Risala da Muhtasar tun yana saurayi. Bayan lisha aka shimfiɗa buzu a zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, hira ta gangaro kan mas'alar da ta fi kowace wuya a sha'anin agaji, watau amana tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Na ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa mutanenmu suke gudun allurar da aka kawo musu kyauta?" Ya yi murmushi ya ce tambayar tana da tarihi, kuma wanda bai san tarihin ba zai ɗauka jahilci ne zalla. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyar wannan musiba ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara a Asibitin Zana na Kano, a cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekaru kafin a yi sulhu a 2009. Da wannan tabo a zukata aka shiga 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano bisa zargin an gurɓata shi, cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe masu yawa. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi tara a cikin birni, galibinsu mata. Liman ya ce abin da ya juyo da mutane a ƙarshe shi ne ganin nasu a gaba: marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a bainar jama'a, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gida-gida, aka ɗauki matan unguwa aikin, malamai kuma suka yi bayani a kan mumbari. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar Kano a Sumaila ne, a 2014, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Sai dai amana ba a gama gina ta rana ɗaya, domin annobar mashaƙo da ta tashi a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, kuma mafi yawan yaran da ta kama ba a yi musu allurar da ke hana ta ba.

Game da hukuncin shari'a kuwa, Liman bai ga wani ishkali ba ko kaɗan. Ya kawo ƙissar Sayyidina Umar, yadda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Ya ce riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kiyaye rai kuma yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Ya ƙara da cewa Imamu Gazali ya lissafa ilmin ɗibbu cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai tsayuwa da su a gari, laifi ya hau kan kowa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da ciwon ido da basir. Sa'an nan ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, in farali ne a kanmu, baƙo ya zo ya ɗauke mana, mu gode masa, amma ka tambayi malamanku na birni, shin ya sauka daga wuyanmu?" Ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba, ya kira yaro ya kawo shayi.

Kashegari muka yanka gabas ta ƙasar Kunchi muka faɗa Ɗambatta, garin da ke kan hanyar Kazaure da Daura, mai madatsar ruwa ta Tomas a kusa da shi, da kwalejin aikin gona mai sunan Audu Baƙo, da kuma makarantar koyon ungozoma, wadda ita ce Baba ya fi so in gani. Muka tarar da 'yan mata suna fitowa daga aji da littattafai a ƙirji, ya tsaya yana kallonsu kamar mai kallon gonarsa ta yi kyau, ya ce in dai za a ɗauko yarinya daga ƙauye a koya mata, a mai da ita ƙauyensu da albashi mai zuwa a kan kari da ɗaki mai ƙyaure, to, an sami mai kwana a asibiti, don ita ba ta da wani garin da za ta nema a mai da ita. Abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan sanannu ne, zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, kuma maganinsu ba mai tsada ba ne: allurar magnesium sulphate da aka shigar a asibitocin jihar Kano a 2008 ta rage mutuwar masu jijjiga ƙwarai da gaske. A Jahun ta jihar Jigawa, wadda ba ta da nisa daga nan, MSF tana riƙe da ɗakin haihuwa da ɗinkin yoyon fitsari tun 2008, mata suna zuwa daga ƙasa mai nisa. In ka bincika abin da ya jawo su, za ka tarar akwai jini a ajiye, akwai wuta a ɗakin tiyata, akwai wanda zai tashi in an buga ƙofa da tsakar dare. A nan ne ra'ayina ya tsaya a kan cewa sha'anin asibiti irin sha'anin gonakin da muka ratsa ne: wanda ya saya ya shinge bai yi komai ba tukuna, sai wanda yake kai taki kowace shekara. Masu mulkinmu sun fi son gini, don gini ana yanke masa kyalle a ɗauki hoto; man janareto da albashin mai shara da safar hannu da ruwan famfo kuwa babu mai yi musu biki, ga shi kuwa su ne galibin abin da ƙungiyoyin agaji suke biya.

A hanyarmu ta komawa muka ratse ta Yadakunya, a ƙasar Ungogo, inda tsohon asibitin kutare yake, wanda mutane suka fi sani da Bela. A 1937 ne mishan na SIM suka karɓi kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, bisa yarjejeniya da En'e, suka zauna a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, suka yi shekaru wajen arba'in kafin gwamnati ta karɓa a cikin shekarun 1970. Sarakunan wancan zamani sun yi ta kai-kawo a kan maslaha da mafsadar abin, don sun san baƙin suna da wata manufa ta addini bayan magani, amma ba su da wasu da za su wanke gyambon kuturu. Yau cutar tana warkewa da haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995, Babbar Ruga kuma ta zama cibiyar ɗinkin yoyon fitsari wadda sunanta ya kai ko'ina, ta hannun likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, da likitocin gida da ya horar. Na ambaci wannan ne don a ga cewa mun taɓa ganin zuwan masu agaji da tafiyarsu, kuma abin da ya wanzu bayansu shi ne wanda aka sami 'yan ƙasa suka koya suka riƙe.

Magabatan Musulmi ba su bar jinyar talaka ga sa'a ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, waƙafi aka yi masa na gidaje da kantuna da filaye, abin da suke samarwa shi ke sayen magani ya biya likita, shi ya sa ya yi ƙarnoni yana aiki bayan mai ginin ya zama ƙasa. Mu ma muna da Hukumar Zakka da Hubusi a Kano tun 2003, muna da attajiran da ke cika tirela da riɗi da wake a Dawanau, amfanin waɗannan gonaki ne kuwa, kuma galibinsu ba sa ƙyashin gina masallaci a gefen wani masallacin. Ina roƙonsu, da malaman da suke jin maganarsu, su duba ko rumfa ɗaya a kasuwa, ko gida ɗaya na haya, in an tsayar da kuɗinsa a kan man motar ɗaukar mara lafiya ta wani ƙauye, ko a kan karatun ungozoma ɗaya kowace shekara, bai shiga babin sadaka mai gudana ba. Hukuma kuwa nata ya fi nauyi, gama a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, kuma babu ungozomar da za ta kwana a bakin iyaka sai an tsare mata hanya da gari. Mai karatu wanda ba shi da rumfa ba shi da mulki, shi ma yana da abin bayarwa: namiji baligi mai lafiya yana iya ba da jini bayan kowane wata uku ba tare da ya cutu ba. Ya je babban asibitin da ke kusa da shi, Bichi ne ko Ɗambatta ko Gwarzo, ya nemi ɗakin gwajin jini, kada ya jira sai an kwantar da tasa matar.